Ranar da ba abin da ya faru tsakanin Bonneval da Chartres

Ku yi mani haƙuri, yau zan ɗauke ku daga zancen kasuwa da na biro in kai ku bakin wata hanya a ƙasar Faransa, inda na taɓa kwashe wuni guda ina kallon mutane suna wucewa bisa keke ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar ce, 21 ga watan Yuli na 2012, kuma duk wanda ya san wasan tseren keke zai gaya maku cewa ba wani abin kirki da ya faru a cikinta. Ni ma haka na rubuta a lokacin. Shekaru sun haura goma, amma ranar ta ƙi fita daga raina, shi ya sa na ga ya kamata in sake waiwayarta tare da ku.

Tun ina lise a Maraɗi na kamu da son wannan wasa, ta hanyar rediyo da tsofaffin jaridun wasanni da wani malaminmu yake bari a kan tebur. Zamanin Lance Armstrong ne, Ba'amurken da ya ci Tour de France sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, wanda kuma aka ƙwace wa duka bakwai ɗin a watan Oktoba na 2012 saboda amfani da magungunan ƙara ƙarfi. Wato gwanin da na yi ƙuruciya ina yi wa kirari, yau babu sunansa cikin jerin waɗanda suka ci. Wannan wani ciwo ne daban. A 2012 ina da shekara 24, na samu zuwa Faransa koyon aikin jarida na wata uku a wata jaridar lardi, sai shugaban sashen wasanni ya ji ina zancen keke da zumuɗi, ya ce to madalla, Tour za ta ratsa kusa, in tafi wani ƙauye da ke kan hanya in saurari abin da ƴan kallo ke faɗi, in kawo masa layi arba'in.

Bari in yi bayani ga wanda bai saba ba. Tour de France tsere ne na mako uku, kowace rana da zangonta, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa. A yawancin kwanaki mahaya suna tafiya ne a dunƙule kamar ayari. Dalili kuwa iska ce: mai gudun kilomita 45 ko 50 a awa, mafi yawan ƙarfinsa wajen ture iska yake ƙarewa, wanda kuwa ya laɓe bayan wani yana rage wahalarsa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Don haka kowace ƙungiya tana da madugu da yaransa. Yaran ke shan iska a gaba, su ke komawa mota ɗauko ruwa, in tayar madugu ta fashe su ba shi tasu. A cikin ayari akwai wayo, akwai ciniki, akwai haɗa baki da cin amana, kamar dai kowace kasuwa.

Amma akwai ranar da ake raba ayarin. Faransawa na ce mata contre-la-montre, wato tsere da agogo. Kowane mahayi shi kaɗai yake tashi, ana barin tazara tsakaninsa da mai bi masa, na ƙarshe a jeri shi ke fara tashi, mai rigar ɗorawa shi ke rufe baya. Laɓewa bayan wani haramun ne. Tun 1934 aka shigo da irin wannan zango cikin Tour, kuma masana wasan suna kiransa tseren gaskiya, domin babu yaro, babu maɓuya, sai kai da ƙafafunka da hanya. Sunan yana da daɗin ji. Kallon ne dai sai mai haƙuri.

Zangon wannan rana shi ne na 19, kilomita 53 da rabi daga Bonneval zuwa Chartres, cikin ƙasar Beauce da ake kira rumbun Faransa. Fili ne shimfiɗaɗɗe, alkama ido bai ganin ƙarshenta, babu dutse, babu kwana mai ban tsoro. Mahaya 153 suka rage cikin 198 da suka tashi daga Beljik mako uku baya. Kuma magana ta riga ta ƙare tun kafin a fara: Bradley Wiggins na Ingila yana gaba da minti 2 da daƙiƙa 5, na biyu Chris Froome yaronsa ne a ƙungiyar Sky, na uku Vincenzo Nibali na Italiya yana baya da minti 2 da daƙiƙa 41, kuma kowa ya san bai kai su ba a tsere da agogo. Kwana goma sha biyu kafin nan Wiggins ya riga ya doke kowa a irin wannan zango a Besançon. Ba wanda ya zo da shakkar wanda zai ci, tambayar kawai ita ce da tazara nawa.

Na isa ƙauyen da safe kafin jandarma su rufe hanya. Yana wajen tsakiyar zangon, gidaje kaɗan ne da majami'a da wani ɗan gidan shan kofi wanda mai shi ya fito da tele ya ajiye ƙarƙashin rumfa, ya jera kujerun roba. Motocin talla suka wuce da kiɗa suna watsa huluna da alewa, manya da yara suka yi wawa, sa'an nan wuri ya yi tsit. Daga nan sai abin da za mu yi ta gani har yamma ya soma: babur ɗin jandarma, bayansa mutum guda a duƙe kan keke, da hular kwano mai wutsiya da ƙafar baya rufaffa kamar faifai tana wani irin gurnani, bayansa mota ɗauke da kekuna a ka. Daƙiƙa uku ka gan shi, ya ɓace. A tafa. A jira na gaba. Na goman farko na tafa masu da gaske. Wajen na arba'in na lura ina kallon wata na'urar girbi da ke can nesa, ina ganin ta fi su ban sha'awa.

A ƙarƙashin rumfar nan gardama ta tashi, kuma ita aka aiko ni in ɗauka. Wanda ya fi kowa baki wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai shekaru kamar arba'in da biyar, sanye da rigar ƙungiyar masu keke ta garinsu. Ya ce Sky ta kashe Tour. Ya ce waɗannan ba mahaya ba ne, akawuna ne, idonsu na kan ƴar na'urar da ke maƙale a ƙahon keke tana gaya masu yawan ƙarfin da suke fitarwa, kunnensu na ga rediyon mai ba da umurni daga mota. Ya tuna mana yadda Froome ya tsere wa madugunsa a hawan La Toussuire aka ce masa ta rediyo ya dakata, ya dakata, da yadda a Peyragudes ya riƙa waiwaye yana yafuto Wiggins alhali Alejandro Valverde na gaba yana tafiya da nasarar ranar. Ya ce tsere ɗaya tak da ya cancanci kallo a bana shi ne tsakanin waɗannan biyun, shi ne kuma aka hana mu. Wata dattijuwa ta ce ita ba ruwanta da Ingilishi, Thomas Voeckler ta zo gani, mai rigar gwanin hawan dutse, domin shi ko ba komai fuskarsa tana nuna yana shan wuya. Aka yi dariya. Mai gidan kofi ya ce shi ranar tsere da agogo ta fi masa kowace rana, ayari minti ɗaya yake wucewa kowa ya watse, yau kuwa wuni guda za su yi suna saye.

A bayan wannan ƙorafi akwai wani miki da ba a faɗi ba sai da aka jima: rabon da Bafaranshe ya ci Tour tun Bernard Hinault a 1985. Shekara 27 ke nan a ranar, kuma har Tour ta 2025 ba ta sake zani ba. Ga shi Ba'ingile zai ci karo na farko a tarihi, a gonarsu, da lissafi. Can gefe wasu Ingilishi biyu, miji da mata, sun manna sajen ƙarya a kumatu irin na Wiggins, suna murmushi ba su jin abin da ake faɗi, ko kuwa suna ji sun ƙyale.

Mai bakin nan ya koma kan 1989, kamar yadda kowane Bafaranshe mai son keke yake komawa. Ranar ƙarshe, kilomita 24 da rabi daga Versailles zuwa Paris, Laurent Fignon yana gaban Greg LeMond da daƙiƙa 50. LeMond ya zo da sabon ƙahon keke da ke miƙe hannuwa gaba da hula mai yanka iska, Fignon ya fito kai ba hula, gashinsa ɗaure a ƙeya. LeMond ya ci shi da daƙiƙa 58, ya ɗauke Tour da daƙiƙa 8 bayan fiye da kilomita 3.000. Ya ce wannan shi ne tsere da agogo, na yau kuwa jana'iza ce.

Sai wani tsoho da ke zaune a bakin kwalta bisa ƴar kujerar da ya zo da ita, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya juyo ya ce: «Kana tuna 1989 ne domin ba a saba ganin irinta ba. Anquetil ma haka kakanninka suka ce yana sa barci. Indurain ya ci Tour biyar daga 1991 zuwa 1995, bai ci zango ko ɗaya ba cikinsu in ba na agogo ba, ubanka ya yi ta hamma, yau kuwa kuna kiransa gwarzo.» Ya mayar da kansa ga kayensa.

Na ja kujera na matsa kusa da shi. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya ajiye aiki, a hannunsa agogo mai ƙidayar daƙiƙa, a cinyarsa kaye da ya ja wa layuka, da jerin sunayen mahaya da lokacin tashin kowa wanda ya yanko daga jarida. Duk wanda ya gitta wata alama da ya zaɓa a jikin turken waya, sai ya danna ya rubuta. Na ce: «Mushe, tele ba tana ba da lokutan ba?» Ya ce: «Tana ba da na waɗanda take so, ɗana. Ni ina da na kowa.»

A wajensa na koyi kallon abin. Ya nuna mani cewa ba tsere ɗaya ake yi a kan hanyar ba. Na farkon tashi, yaran da suka yi mako uku suna shan iska domin wasu, su burinsu kawai su isa cikin iyakar lokacin da doka ta yanka don kada a kore su ana gobe Paris. Wasu kuma, waɗanda kwangilarsu ke ƙarewa a ƙarshen shekara, suna taka feda kamar ana bin su da wuƙa, domin a ga sunansu cikin ashirin na farko. Ya ce in dubi kafaɗa: wanda kafaɗunsa ke rawa ya riga ya ci bashin ƙarfin da ba zai iya biya ba kafin Chartres. In dubi baki, in dubi ko mutum yana zamewa zuwa bakin sirdi yana komawa baya. Ya ce asirin wannan zango guda ne, ka raba ƙarfinka daidai bisa awa ɗaya, kada ka isa da saura, kada kuma ya ƙare maka da sauran kilomita biyar. Wanda ya iya wannan, kallonsa ba daɗi, domin ba ya nuna komai. Ƴan kasuwa da ke karanta ni sun san irin wannan mutum: ba a jin labarinsa a tasha, ba ya faɗuwa, ba ya cin kazamar riba, shekara ashirin rumfarsa a buɗe.

Ba zan yi maku ƙarya ba, ko da wannan darasi, awoyin sun yi tsawo. Tsohon da kansa ya yi gyangyaɗi sau ɗaya, ya rasa mahaya biyu, ya yi ta tsaki.

Da yamma ta yi aka zo kan manya, waɗanda ake bari minti uku tsakaninsu. Cadel Evans na Ostareliya ya iso, mai lamba 1 a baya, domin shi ya ci Tour ta 2011. Kuma da tsere da agogo ya ci ta: a Grenoble, ana gobe ƙarshe, yana bayan Andy Schleck da daƙiƙa 57, ya juye lissafin ya wuce da minti 1 da daƙiƙa 34. A 2012 yana da shekara 35, ciwon ciki ya kama shi a duwatsun Pirene, ya zame zuwa na shida. Ya wuce mu baki buɗe, kafaɗu na rawa. Tsoho ya danna agogo. Wanda ke bi masa a jeri shi ne Tejay van Garderen, Ba'amurke ɗan shekara 23, mai farar rigar gwanin matasa, kuma yaron Evans ne a ƙungiyar BMC, wanda aka ɗauko domin ya tare masa iska. Ya kamata mu jira shi minti uku. Ba mu jira ko rabin haka ba sai ga babur ɗin jandarma. Tsoho ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce a hankali: «Zai kama shi.»

Muka ruga gaban tele. Can gaba a kan miƙaƙƙiyar hanya, yaron ya cim ma madugunsa, ya ratsa ta gefe, ya wuce. Dokar wannan zango ta ce wanda aka kama ba shi da izinin laɓewa bayan wanda ya kama shi: wanda ya kamo shi sai ya bar mita 2 a gefe, bayan kilomita guda kuma shi wanda aka kama ya kasance aƙalla mita 25 a baya. Wato mutumin da ya ci Tour bara dole ya bar yaronsa ya yi nisa, yana kallon bayansa yana ƙanƙancewa cikin alkama, ga sauran hanya a gabansa shi kaɗai. Mai bakin nan ya ce: «To, sarki ya mutu,» ya koma kan zancen Sky. Ni kuwa na yi tafi. Shekarata 24, ina ganin duniya ta masu tasowa ce, kuma abin ya yi mani daɗi ƙwarai.

Wiggins ya zo a ƙarshe, rawaya tun daga hula har ƙasa, bayansa a shimfiɗe kamar tebur, ba abin da ke motsi sai ƙafafu. Daƙiƙa uku, kamar kowa. Ya gama cikin awa 1 da minti 4 da daƙiƙa 13, wato kusan kilomita 50 a awa, Froome na biye da minti 1 da daƙiƙa 16. A kan layi ya naushi iska da hannu, wannan ne kaɗai motsin rai da muka gani gare shi. Nibali ya tsaya na uku. Evans ya yi asarar kusan minti shida, ya koma na bakwai. Mai baki ya ce ko wane magani suke sha, wata rana za a ji. Ban rubuta wannan ba, domin ba shi da hujja. Daga baya, a 2016, takardun da aka fallasa sun nuna an ba Wiggins izinin likita na allurar wani magani mai ƙarfi gab da Tour ta 2011 da ta 2012, kuma a 2018 wani kwamitin majalisar dokokin Ingila ya ce ƙungiyar ba ta karya doka ba amma ta ƙetare iyakar ɗa'a. Wiggins ya musanta cewa ya yi maguɗi, kuma nasararsa tana nan a littafi. Wanda ya yi ƙuruciya da Armstrong bai iya rantsuwa a kan kowa, ta kowane ɓangare.

Layi arba'in ɗin da na kai, na cika su da maganganun mai baki, domin su ke da gishiri. Tsohon na ba shi layi biyu, aka yanke su. Evans ban ambace shi ba sam. Kuma gaskiya masu ƙorafi su suka yi rinjaye a wajen masu shirya gasar: a 2012 jimillar tsere da agogo na mutum ɗaya ta haura kilomita 100, a 2015 kuwa kilomita 13,8 kacal aka bari. Ban ce sun yi kuskure ba. Mai sayar da kallo dole ya saurari mai kallo, kuma zango mai tsawo a fili yakan rufe gasar tun kafin a kai duwatsu. Sai ga shi a 2020, a hawan La Planche des Belles Filles, tsere da agogo ne ya sake girgiza duniya, ranar da Tadej Pogačar ya ƙwace rigar daga Primož Roglič wanda ke gabansa da daƙiƙa 57. Na tabbata mai bakin nan, in yana raye, ya samu sabon labarin da zai riƙa gwada sauran ranaku da shi.

Abin da ya dawo mani da ranar Beauce kuwa ba a tele na gan shi ba. Bara, a wurin da nake aiki, aka ɗora mani wani saurayi a kai. Ni na koya masa yadda ake buɗe labari, ni na riƙa gyara masa rubutu da jan biro, shekara uku yana ɗauko mani takardu. Ba a zalunce ni ba, kuma wannan ne ya fi ciwo: ya fi ni sauri, ya san na'urorin zamani da ban sani ba, yana aiki har tsakar dare lokacin da ni nake lissafin kuɗin makarantar yara. Da an yi mani maguɗi da na samu abin faɗi a fada. Yana gaishe ni da ladabi, «Yaya, ina kwana», sa'an nan ya miƙo mani aikin ranar.

Makonnin farko na riƙa faranta wa kaina rai da wani mugun tunani: ai van Garderen bai taɓa cin Tour ba, na biyar ya yi a 2012, na biyar a 2014, ya bar tsere a 2021, alhali sunan Evans yana cikin littafi har abada. Na ji kunyar wannan tunani daga baya, domin yaron bai yi wa Evans laifin komai ba, lokacin tashinsa aka ba shi ya tashi. Sai na koma ina tunanin sauran kilomitocin da tele ba ta nuna ba, bayan kamarar ta bi farar riga ta tafi. Mutum ɗan shekara 35, cikinsa ba lafiya, ya san duniya ta gani, ba abin da zai ci, ba wanda zai laɓe a bayansa, hasumiyoyin majami'ar Chartres suna can a bakin sama sun ƙi matsowa. Ban san abin da ya riƙa faɗa wa kansa ba, kuma a ranar ban damu in sani ba.

Da aka buɗe hanya mutane suka fara naɗe kujeru, tsohon bai tashi ba. Ya kira ni ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun tele, in duba masa lokutan ƙarshe. Na karanto masa na Wiggins, na Froome, na Luis León Sánchez da ya zo na uku, na ce shi ke nan manyan. Ya ce: «Evans fa? Ya isa?» Na ce ya isa, Mushe, amma can ƙasa yake. Ya ce in nemo masa. Na tsaya gaban tele har jerin ya sake zagayowa, na karanto masa, ya rubuta a layinsa da fensir, ya rufe kaye, ya tambaye ni ko akwai tseren keke a ƙasarmu.